Biktoriya da aljihun talaka: sharhi kan masaukin matafiya a Livingstone

Wanda ya ce maka ganin magangarar ruwan Biktoriya, wadda ke kan kogin Zambezi a iyakar Zambiya da Zimbabuwe, sai mai hannu da shuni, rabin gaskiya ya faɗa. Kuɗin jirgi daga Najeriya zuwa Lusaka, ko ta Addis Ababa ka bi ko ta Nairobi, babu yadda za ka yi da shi, sai ya ci rabonsa. Amma da zarar ƙafarka ta taka Zambiya, da jaka ɗaya a baya da ɗan haƙuri za ka isa bakin ruwan nan, kuma feshin da zai jiƙa mai kwana a otal na alfarma shi ne dai zai jiƙa ka. Ni ta wannan hanyar na bi, na sauka a ɗaya daga cikin masaukan masu ƙaramin ƙarfi da ke garin Livingstone, irin waɗanda gado kake kamawa ba ɗaki ba.

Daga Lusaka mota na shiga. Tafiyar kilomita 470 da 'yan kai ce, ta Kafue da Mazabuka mai gonakin rake, sai Monze da Choma da Kalomo, kuma ta cinye mini yinin. 'Yan kamasho a tasha kam sai ka riƙe jakarka gam, kowa na rantse maka motarsa ce mai tashi yanzu. Ka sayi tikitinka tun ana gobe, ka bi motar sassafe.

Masaukin kansa ya fi abin da na zata. Ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu, kowane da gidan sauro, da akwatin ƙarfe na ajiya wanda kai za ka zo da kwaɗonka. Zanin gado wankakke, ruwan wanka da ɗumi galibin lokuta. Amma abin da ya fi rage mini kashe kuɗi shi ne kicin ɗin kowa da kowa. Akwai risho da tukwane da firiji, kowa na rubuta sunansa a jikin ledarsa. Sai in je kasuwar Maramba in sayo tumatur da albasa da ƙananan busassun kifin nan da suke kira kapenta, in dawo in ɗora tukunyata. Ga Musulmi wannan kicin ya raba gardamar yanka, tunda ba kowane gidan abinci ne za ka natsu da namansa ba. Ran da na gaji da girki kuwa sai in nemi nshima da gasasshen kifi a cikin gari. Tuwon masara ne sak, da hannu ake ci, babu baƙunta a cikinsa.

Akwai abubuwan da ba za a gaya maka ba sai ka tambaya. Ɗakunan da yawa maza da mata a haɗe suke, don haka tun wajen kama gado ka faɗi irin wanda kake so. Banɗaki babu buta, gorar ruwa ita ta zama butata. Sallah a gefen lambu nake yi, babu wanda ya taɓa ɗaga mini gira, har wani ma'aikaci ya riƙa kawar mini da kujeru in ya ga na nufo wurin. Sai dai akwai mashaya a tsakar gidan, kiɗa kuma ba ya yin shiru da wuri, ga shi gadona yana jikin tagar da ke kallonta. Ana kuma ɗauke wuta. Zambiya ta dogara ƙwarai da madatsar Kariba, wadda ke kan wannan kogi na Zambezi, in ruwa ya ja baya wuta ma sai ta bi shi.

Inda raina ya sosu shi ne teburin karɓar baƙi. Sannu a hankali na gane cewa gadon nan mai araha ƙugiya ce, ainihin cinikinsu yana jikin allon da ke bayan teburin: yawo a jirgi mai saukar ungulu, tuƙa kwalekwalen roba a cikin kwazazzabo, shawagin faɗuwar rana a kan kogi, da tsallen nan na mita 111 daga kan gada da igiya ɗaure a ƙafa. Komai da dala, kuma wasu guda ɗaya ya fi kuɗin kwanan mako. Na tambayi yadda zan je bakin ruwa da kaina, amsar ta zo a taƙaice, amma da wata Baturiya ta tambayi jirgi sai ga bayani har da hotuna. Ban ga laifin neman kuɗi ba, kasuwa ce. Kawai dai ka san abin da ya kawo ka kafin a zauna da kai. A yaba musu abu ɗaya: suna da motar da ke kai baƙi bakin ruwa kyauta da safe, tafiyar kilomita 10, dawowa ce kawai za ka nemi tasi, kuma in kun haɗu ku huɗu kuɗin ba ya ciwo.

Lokacin da na je, dala 20 baƙo ke biya a ƙofar ɓangaren Zambiya. Ban taɓa kashe dala 20 da ta biya ni kamar wannan ba. Tun kana nesa kake jin rugugi, kana hango farin tururi ya tashi sama, wanda saboda shi mutanen wurin ke kiran magangarar Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa, tun kafin Baturen Birtaniya David Livingstone ya iso a 1855 ya laƙaba mata sunan sarauniyar ƙasarsu, Biktoriya. Faɗinta ya haura mita 1,700, zurfin ya kai mita 108 a inda ya fi, kogin gaba ɗaya yana rufta wa cikin wata tsaga ta baƙin dutse. Kai kuma kana tsaye a ɗaya gefen tsagar, fuska da fuska da shi.

A watan Mayu na je, ruwa na kan ganiyarsa. Akwai wata siririyar gadar ƙafa da ake kira Knife-Edge, a nan ne na raina kaina. Feshin ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa, ya shiga ta ƙarƙashin rigar ruwan da na yi haya, ya cika mini takalmi. Ido ba ya buɗuwa sosai, magana ba ta jiyuwa, ƙarfen da kake dafawa santsi. Can sai iska ta ɗan yaye tururin, bangon ruwan ya bayyana na 'yan daƙiƙu da bakan gizo a ƙasan ƙafarka, sannan ya sake rufewa. Ba abin da ya fito daga bakina sai tasbihi. Wayarka ka ƙulle ta a leda biyu, fasfo kuma kada ya kwana a aljihun wando.

Batun wata ba ƙaramin abu ba ne, kuma nan ma teburin bai ce uffan ba. Daga Maris zuwa Mayu za ka ji ƙarfin ruwan amma tururi zai ɓoye maka rabinsa. Wajen Oktoba da Nuwamba ɓangaren Zambiya kan ƙafe har ka ga dutse tsirara, a lokacin sai ka tsallaka Zimbabuwe, inda ake kallon mafi yawan faɗin magangarar, shiga kuma dala 50 ce lokacin da na tambaya, ban da batun biza. A ganina mai kuɗin zuwa sau ɗaya ya nufi Yuni ko Yuli.

Da tikitin nan guda na gangara ta cikin kurmi zuwa Boiling Pot, inda ruwan ke juyawa a ƙasan kwazazzabo. Saukar daɗi, hawowar kuwa sai da gwiwa ta yi ƙara. Birai sun cika hanyar, manya, marasa kunya, a gabana ɗaya ya fizge ledar biskit daga hannun wani yaro ya zauna yana ɓarewa. Daga nan na je ofishin shige da fice na karɓi 'yar takardar izinin hawa gadar da ta haɗa ƙasashen biyu, wadda aka kammala a 1905, ban biya ko sisi ba. A kan gadar masu talla za su bi ka da tsoffin takardun kuɗin Zimbabuwe na tiriliyan 100, ciniki kuma sai ka taya ƙasa da rabi.

Zan sake sauka a masaukin, amma a ɗakin da ke nesa da mashaya. Mai tafiya da iyali ko dattijon da ba ya son hayaniya, gara ya ƙara kuɗi ya kama ɗaki nasa. Kafin ka bar gida ka tabbatar katin rigakafin shawara yana cikin fasfo, ka sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, dalolin da za ka riƙe kuma su kasance sababbi, don tsohuwa ko mai yagewa sai a dawo maka da ita. Kuɗin tasi da kasuwa kuwa kwacha ake so, wato kuɗin Zambiya, ka canza tun a cikin gari.