Shekara 34 da tabon aikin da aka yi mata tana jaririya

Ban taɓa sanin ana girma da ciwon toshewar hanyar ruwan matsarmama, wanda ake haifar jariri da shi, ba sai da na zo Ingila. Wata abokiyar aikina ce, shekarunta 34, har da ɗanta. Ran nan muna aikin dare zazzaɓi ya rufe ta, jikinta na karkarwa. Na miƙa mata farasitamol, ta ce a'a, asibiti za ta yanzun nan. Na raka ta, a raina ina cewa ta cika raki. Muna isa ta zaro wata takarda mai bayanin ciwonta daga jaka ta ba su. Nan take aka ɗebi jini, aka ba ta gado, aka sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

A gadon ta ba ni labari. An haife ta da toshewar hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji. Tana da sati shida aka yi mata aikin Kasai, wanda wani likitan Japan, Morio Kasai, ya fito da shi a shekarun 1950: a yanko hanji a haɗa shi da hantar kai tsaye. Aikin ba ya raba mutum da ciwon. Ƙwayoyin hanji kan haura sama su kawo irin zazzaɓin nan, hanta kan yi tabo, saifa ta girma, jijiyoyin hanyar abinci su kumbura har su fashe. Da yawa sai an yi musu dashen hanta. Ita tata na nan, amma har yau ana gwada jininta, a ɗauki hoton ciki, a duba bitamin A, D, E da K. Tun 1999 a wuri uku kawai ake yi wa jarirai aikin nan a Ingila, Landan da Birmingham da Leeds, don hannun likitocin ya saba.

Su ma suna da nasu abin haushin. Da ta tashi daga ɓangaren yara ta koma na manya, sai da ta riƙa yi wa wasu likitocin bayanin ciwonta da bakinta. Neman ganin likita ta waya kuwa, sai ka ƙosa.

Amma takardar nan ta tsaya mini a rai. Mu a gida ana sallamarka sai katin asibiti ya ɓace. Jariri ya wuce sati biyu ido ɗorawa, fitsari ya yi duhu, mu ce shawara ce, za ta wuce, alhali aikin ya fi yin kyau kafin kwana 60. Haka muka ce da 'yar Yayata, Allah Ya jiƙanta, ba ta kai shekara biyu ba.

Da asuba na kira Yaya, na ce don Allah ta tuna mini launin kashin yarinyar. Ta yi shiru, sannan ta ce fari ne kamar alli, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta.