A Bar Waƙa da Katsinancinta, Ko a Mai da Ita Daidaitacciyar Hausa?

Ƙanwata da ke karatun Hausa a nan Katsina ta kawo mini wata waƙar ta'aziyya da kakanmu ya rubuta da ajami, wai za ta yi nazarinta. Tambayarta ɗaya: ta juye ta yadda ya faɗa, ko ta gyara ta zuwa Daidaitacciyar Hausa?

Gyaran yana da amfaninsa. Ɗalibin Zariya ko Bauchi zai karanta ba tuntuɓe, kuma da wannan Hausar ake rubuta jarrabawa.

Amma da muka gwada, sai waƙar ta fara ɗingishi. Kari a rubutacciyar waƙa jerin gaɓoɓi ne masu nauyi da marasa nauyi. Inda tsoho ya ce "ukku", gaɓar farko mai nauyi ce. Da muka sa "uku" ta zama sakayau, ƙafar baitin ta karye. "Ɗiyata" gaɓa uku, "'yata" biyu. Amsa-amon ma haka: baitocinsa na ƙarewa da "hi", ya haɗa "ruhi" da "tahi". Ka mai da shi "tafi", ka raba su ke nan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yanayin. Da na rera "ɗiyata ta tahi" da ƙarfi, Inna ta ajiye faifan da ke hannunta ta yi shiru, don muryar mahaifinta ta ji.

Na ce wa ƙanwata ta bar Katsinancin yadda yake, ta yi bayanin kalmomi masu wuya a ƙasan shafi.