Zaɓen Simbal na Kirash: Ƙarfe, Faɗi da Kauri

Simbal na kirash faifan ƙarfe ne da mai kiɗan jerin ganguna ke dokawa da sanda don ya ba da ƙara mai tashi nan take. Kafin a duba sunan kamfani, a fara tambayar ƙarfen da aka ƙera simbal ɗin da shi. Mafi araha shi ne biras, haɗin jan ƙarfe da tutiya, irin Meinl HCS da Sabian SBR. Sautinsa gajere ne, ba ya buɗewa, kuma bakinsa kan lanƙwashe da wuri. Ya ishi mai koyo a ɗaki, amma kada a hau dandali da shi. Sai B8, mai kuza kashi 8 cikin ɗari, sauran jan ƙarfe: sautinsa da kaifi, yana ratsa ƙarar jita. Wasu na raina shi, alhali Paiste 2002, wanda ya fito a 1971, da shi ake yi, kuma har yau ƙwararru na buga shi. B20, mai kuza kashi 20, ya fi taushi da zurfin amo. Shi ne a Zildjian A da K, da Sabian AAX, da Meinl Byzance. Idan aljihu bai kai ba, Wuhan na China ma B20 ne, sai dai kowane faifai da nasa sautin, dole a saurara kafin a biya.

Faɗi kuwa, inci 16 ko 18 ya wadatar. Na 16 yana tashi nan take ya mutu da sauri, na 18 ya fi cika wuri. Na 14 bai isa ya zama kirash ɗaya tilo ba.

Kauri ne inda aka fi yin kuskure. Mutane kan ɗauki mai nauyi da tunanin ba zai fashe ba. Amma mai kauri ba ya buɗe murya sai an dake shi da ƙarfi, kuma da yake ba ya lanƙwasa ya shanye dukan, shi ma yakan tsage. Siriri yana amsawa da ɗan taɓi, muryarsa ta fi ƙasa, ya dace da coci ko ɗakin ɗaukar sauti. Wanda zai sayi guda ɗaya kacal, matsakaici mai ɗan siranta ya fi masa. A gwada shi da sandar da aka saba kiɗa da ita, sannan wani ya buga, mai saye ya ja baya ya ji daga nesa.

Na hannu, a bi bakinsa da farce don gano tsaga, a ɗaga shi ga haske a duba layukan da ke zagaye jikinsa. Ramin tsakiya idan ya tashi daga da'ira ya yi tsawo, an ɗora shi ne babu robar da ke raba shi da ƙarfen da ke riƙe shi, kuma daga nan tsaga kan fara. A nemi ragi sosai, ko a bar shi. A haɗa da sabuwar roba da ƙananan matasai biyu masu taushi, ɗaya a saman faifan ɗaya a ƙasansa, kuma kada a ɗaure noti tamau, a bar faifan ya yi lilo.