Kwana biyu a Istanbul: sharhina kan jirgin YHT, jirgin fito da liyafar dare

Shekararmu uku a Ankara, inda maigidana yake digiri na uku, amma ban san Istanbul ba in ban da filin jirgin sama. A gida, ranar haihuwata Mama kan sa mini albarka, ƙannena su cika ɗakina mu ci abinci. A nan kuwa shiru ranar take wucewa. Da zan cika shekara 30 sai ya ce, "Uwargida, haɗa jaka, Asabar da Lahadin nan naki ne."

Jirgin ƙasa mai gudu, YHT, muka hau da sassafe. Tun wajen sayen tikiti ta intanet ya burge ni: sai an faɗi namiji ne ko mace, kuma ba a haɗa mace mai tafiya ita kaɗai da baƙon namiji a kujera. Ga 'yan'uwana ɗalibai mata, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne. Tsakanin Ankara da Eskişehir gudun yana kai kilomita 250 a awa, amma shayin da ke gabana ko tangal-tangal bai yi ba. Daga nan yakan rage gudu, tafiyar ta ci mana awa huɗu da rabi kafin tashar Söğütlüçeşme a ɓangaren Istanbul da ke nahiyar Asiya. A sayi tikiti da wuri, don na ƙarshen mako ba ya daɗewa.

Abin da ya fi zama a raina shi ne mafi arha. Da katin Istanbulkart, wanda ake hawa bas da taragon cikin gari da shi, muka shiga jirgin fito daga Kadıköy, a ɓangaren Asiya, zuwa Eminönü a ɓangaren Turai. Minti ashirin da 'yan kai ne. Muka zauna a waje, iska na kaɗa mini mayafi, ga shayi a ɗan kofin gilashi, ga simit, burodinsu mai riɗi. Hasumiyoyin masallacin Aya Sofya da na Süleymaniye, masallacin da shahararren magini Mimar Sinan ya kammala a 1557, suna ta matsowa, sai kiran sallar azahar ya taso daga ko'ina a lokaci guda. Hawaye na yi, wallahi.

Da dare ne aka ɓata mana rai. Maigidan ya biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin liyafa a cikin jirgin ruwa a kan Bosforus, mashigin ruwan da ya raba birnin gida biyu, kuɗin da ya fi na tikitinmu zuwa da dawowa. A tallarsu sun ce na iyali ne. Muna shiga aka cusa mu teburi ɗaya da mutum takwas, ana ta zuba giya, kiɗa ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Abincin ya huce kafin ya iso, kek ɗin da aka yi alkawari kuma bai zo ba. Awa uku ba damar fita. Ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa tausayinsa nake ji, don na san daga ɗan kuɗin tallafin karatu ya tara. Ba na ba kowa shawarar irin wannan liyafa sai ya tambaya dalla-dalla.

Babbar kasuwar Kapalıçarşı ba ta ci ran Lahadi, don haka muka bi tarago ta bakin ruwan Haliç zuwa unguwar Eyüpsultan, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina. A harabar masallacin na kira Mama ta bidiyo na nuna mata wurin. Ta daɗe tana mini addu'a, wata tsohuwa Baturkiya da ke gefena tana amsawa da amin. Kafin mu kama jirgin ƙasan yamma mai komawa Ankara, na roƙi maigidan mu sake tsallakawa Kadıköy ta ruwa, muka kuma zauna a waje.