Gargaɗi: masu "tallafin taki" na WhatsApp ɓarayi ne, kada wanda ya sake tura musu ko sisi

Naira 38,500. Abin da suka karɓa daga kowane manomi ke nan a zagayen farko, kafin su dawo neman 4,000 na mota. Haɗa: 42,500 a kan mutum ɗaya, kuma har yau babu wanda ya ga ko ledar taki balle buhu. Rasit ɗin POS da hotunan hirarrakin suna nan an tattara, zan saka su da zarar an rufe sunaye da lambobin waɗanda aka cuta.

Ga yadda suke yi. Talla ce a Facebook, da hoton tirela maƙare da buhuna da tambarin gwamnati a kusurwa. Kana dannawa sai ta jefa ka wani zaure na WhatsApp da shugabanni kaɗai ke iya magana. Ba sa yawan rubutu, sun san yawancin magidanta a ƙauye ba boko suke karantawa ba. Saƙon murya suke turowa, Hausa tsantsa, muryar dattijo, da sallama da salati. Wai buhu biyu ne, kamfa ɗaya yuriya ɗaya, kilo 50 kowanne, a kan 35,000, sai rajista 3,500. Wai gurbi kaɗan ya rage wa ƙaramar hukumarku, ranar Juma'a za a rufe.

Kuma kada wani ɗan birni ya zo ƙasan nan yana cewa kwaɗayi ne ko ƙauyanci. Wanda ya yi noma a 2012 ya san lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma an yi shirin tallafin taki na gwamnati mai suna GES: saƙo ya shigo wayarka, ka je cibiya, ka biya rabin kuɗi, ka ɗauki buhu biyu. An yi, mutane sun ɗauka da hannunsu. To mutumin da ya taɓa samun taki ta saƙon waya, yau aka ce masa buhu biyu, kamfa da yuriya, rabin kuɗi, me zai sa ya ce ƙarya ne? Ai shirin suka kwaikwaya tsaf. Abu ɗaya suka juya: a wancan lokacin sai ka tsaya gaban dila, ga kaya kana gani, sannan ka biya. Su kuma sun ce biya tukuna. Nan kawai. Wannan gaɓar ce take ta yi min yawo a kai, don a nan aka yarda, kuma a nan ya kamata a tsaya.

Ga kuma wayar kanta. Ita ce ke kawo kuɗin yaron da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal. Ita ce ake tambayar farashin riɗi da waken suya a Dawanau kafin ɗan kwamisho ya zo ya taya da wulaƙanci. Gida ya saba abin da ke fitowa daga cikinta alheri ne. Galibi kuma waya babba ɗaya ce a gidan, a hannun saurayi, shi ne mai karantawa, shi ne mai turawa. Yanzu shi ake harara a tsakar gida, alhali uban da kansa ya saurari saƙon har sau biyu ya ce a tura.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin maganar mota sun riga sun karɓi NIN da BVN. NIN ɗin a fom ɗin rajista ne, tun ranar farko. BVN ɗin kuma daga baya ne, bayan an biya 3,500 ɗin, suka ce don "a tantance manomi na gaskiya". Lambobi 11 kowanne, mutane suka kwafo daga takarda suka tura.

Asusun da ake biya ma abin lura ne. Sunan mutum ne, ba na kamfani ba, ba na ma'aikata ba. Kuma yana canzawa. Yau wannan suna, jibi a ce "wancan ya cika, ga sabo". Ba ƙarya suka yi ba a nan: ƙaramin asusu na matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000 bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya. Mutum bakwai suka biya 38,500, na takwas ba zai shiga ba. Shi ya sa suke da su da yawa, suna kwashewa ta masu POS suna buɗe wani. Hukumar da ke raba taki ga jiha guda ba za ta riƙa karɓar kuɗi a asusun da mutum takwas ke cikawa ba.

Sai 4,000 ɗin. Suka saka bidiyon tirela, wai ta taso, direba ya tsaya babu mai, kowa ya kawo nasa. Wanda ya riga ya zuba 38,500 ba zai bar ta ta nutse saboda 4,000 ba, sun san haka sarai. Bayan nan ne suka fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: za ka ga lambobi sun shigo wayarka, karanto mana don mu fitar da takardar ɗaukar kayanka. Lambar sirrin banki ce. Waɗanda suka karanta, abin da ya saura a asusunsu ma ya tafi. Washegari aka cire kowa daga zauren, lambobin duk a kashe.

42,500. Wani akuya ya sayar, wata kwasar adashinta ce ta ba mijin, wani bashi ya ci da alkawarin biya da hatsi in kaka ta yi. Amma asarar ta wuce kuɗin. Masara tana son kamfa cikin mako biyu da shuka, yuriya kuma wajen mako na huɗu zuwa na shida. Mutane sun zauna jiran tirela har lokacin ya wuce, ga shi kuɗin da za a sayi ko rabin buhu a kasuwa an riga an tura. Ka shiga gonakin ka ga ganyen ƙasa ya yi ruwan ɗorawa, kara siriri. Wannan gibin sai a rumbu zai fito, kuma mai bashi ba ruwansa da WhatsApp.

An yi damfarar zuba jari ta MMM a 2016, an yi ta CBEX a watan Afrilun 2025, amma waɗancan aƙalla riba suka yi wa mutane alkawari. Waɗannan kuwa abincin gida suka bi. Allah ya isa.

Wanda ya tura: je bankinka yau da rasit, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce shiru, kai wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, ka kuma kai rahoto EFCC. Wanda ya karanta musu lamba ya sa a rufe katinsa, ya canza lambar sirri. Ban ce kuɗin zai dawo ba. Sauran kuma, taki sai ka taɓa buhu kafin ka biya, in an ce tallafi ne tambayi malamin gona ko sashen noma na ƙaramar hukuma. Masu rasit su ci gaba da turowa, har da na 4,000 ɗin, don asusun da aka karɓe shi daban ne.