Warangi, kawara ko kurungu: wanne ya dace da tukunyarka?

Giwan ruwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, shi ya sa in ka shiga kasuwar kifi a Yauri za ka tarar cinkoson yana wajen masu ƙananan kifi. Uku aka fi cin karo da su, kuma inda kowanne yake zama cikin ruwa da abin da yake ci, shi ne ke fitowa a miya.

Warangi shi ne autansu. Wani bai wuce santimita 3 ba, fari sol, ɗanyensa har kamar kana hango ƙashin bayansa. Ya samu wurin zama sosai a tafkin Kainji bayan an kammala madatsar a 1968, domin kifin sararin ruwa ne, ba ya shiga laka. Garke-garke yake yawo yana tsintar ƙwayoyin halittun da ke shawagi a ruwa, da dare ya taso sama, shi kuma tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, yana binsa yana kalaci da shi. Saboda haka ba shi da warin taɓo. Shanya shi ake yi a rana, a auna da mudu. Babu yanka, babu cire ƙaya, duka ake cinyewa da kai da ƙashi, a daka shi a zuba a miyar kuka ko kuɓewa, yara su sha ba fargaba.

Matsalarsa yashi. Na taɓa sayen mudu biyu da yamma, ina sauri kada mota ta tashi, ban duba ba. Ranar duk wanda ya kai loma sai ka ji ƙaras-ƙaras a haƙori, uwargida kuwa ta yi mako tana yi mini tuni. Tun daga nan nake cusa hannu har gindin kwano in damƙo, in murza a tafi. In ƙasa ta zauna a hannuna, a ƙasa aka shanya shi, abincin kaji ne. Mai kyau yana da haske, ya bushe ƙayau, ba ya dunƙulewa.

Kawara ta kai tsawon tafin hannu, jiki kamar azurfa, wutsiya ja, da ɗigon baƙi a gindin wutsiyar. Da damina takan bi ambaliya zuwa fadama ta ci ƙwari da 'ya'yan ciyawa, don haka ta fi maiƙo in ruwa ya fara ja da kaka. Soyayyarta da garin yaji sai wanda ya ci. Amma ƙananan ƙayoyi ne cike da naman, ba zan ba yaro ita ba sai ina zaune kusa.

Kurungu kuwa ɗan ƙasan ruwa ne. Ba shi da ɓawo, kansa tauri kamar kwalkwali, ga gashin baki, ga ƙaya uku masu kaifi, ɗaya a baya biyu a gefe. In an fito da shi daga ruwa har gurnani yake yi. Yana kiwo a laka, tsutsar ƙwari, ƙananan dodon koɗi, ruɓaɓɓen ganye, akwai ma irin da ke iyo a rigingine yana kiwo a saman ruwa. Romonsa ya fi na sauran biyun nesa, musamman banda. Sai dai kansa ya cinye kaso mai yawa na abin da ka biya, kuma ɗanye in ba a fasa cikin da wuri an wanke ba, warin laka zai bi miyar. Ka ce mai kifi ya karya maka ƙayoyin tun a wurin, sukarsu na da raɗaɗi.

In banda za ka saya, ɓare guda ka duba ciki ko ƙwari sun mayar da naman gari, ka kuma sansana. Wanda ke tashin warin maganin ƙwari, ajiye musu abinsu komai arha.

Ni dai a gidana warangi ne na kullum, mudu ɗaya yana kai mu nesa. Kurungu sai ranar Juma'a ko in an yi baƙi.