Pentium Dual-Core ko Core 2 Duo: wanne za ka ɗauka?

Idan kwamfuta ta hannu kake nema, wato wadda aka taɓa amfani da ita, za ka yi ta cin karo da waɗannan sunaye biyu na furosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, kuma mai sayarwa zai ce maka duk ɗaya ne tunda kowanne ƙwaƙwalwa biyu gare shi. Bai yi ƙarya duka ba, don uwa ɗaya uba ɗaya suke. Intel ta fitar da Core 2 Duo a 2006, sai a 2007 ta rage masa wasu abubuwa ta raɗa masa suna Pentium Dual-Core saboda masu ƙaramin ƙarfi. A kwamfutar tebur mazauninsu ɗaya ne, LGA 775, kuma yawancinsu wat 65 suke ci.

Babban abin da aka rage shi ne kash, wato ɗan rumbun da ke cikin furosesa, inda yake ajiye abin da yake yawan buƙata don kada ya yi ta zarya zuwa RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Pentium E2160 na da 1MB, E5200 na da 2MB, Core 2 Duo E8400 kuwa 6MB gare shi. Hanyar da bayanai ke bi ma an ƙuntata ta: 800MHz a waɗancan Pentium ɗin, 1333MHz a E8400. A wajen rubutu da lissafin ofis da ƙyar ka ga bambanci. Amma buɗe shafukan intanet goma, ko ka taɓa gyaran bidiyo, nan za ka ji Pentium ya fara nishi. Mai son gudanar da wata manhajar sarrafa kwamfuta a cikin wata kuma ya nemi VT-x, fasahar Intel da ke taimaka wa wannan aiki. E8400 na da shi, E2160 babu.

Wanda nake so ka guje wa shi ne Pentium D na 2005. Sunan ne kawai ya yi kama. Tsohon zubi ne mai zafin tsiya, wasu har wat 130 suke ci, kuma 3GHz ɗinsa bai kamo ƙafar Core 2 Duo mai 2.4GHz ba.

Ni dai E8400 zan ɗauka idan tazarar kuɗin ba ta da yawa. In kuwa Pentium ɗin ya zo da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, da RAM 4GB, ɗayan kuma da tsohon faifai mai juyi, to Pentium ya fi. Ka sani kuma babu ɗayansu da ke cikin jerin da Windows 11 ta amince da shi, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, don haka Linux mara nauyi, wata manhajar sarrafa kwamfuta, ya fi dacewa da su. Kafin ka biya, a kunna maka kwamfutar ka karanta lambar furosesan da idonka, kada ka dogara da sitikar da ke jikin akwatin.